Shirin shanun Azawak huɗu zuwa gasa: yadda aiki ke tafiya a turkenmu na Tawa

10 ga Nuwamba

Yau aka gama ware dabbobin da za a shirya. Huɗu ne, duk irin shanun nan na Azawak, daga garken da ya yi damina a arewacin Abalak: bajimi ɗaya, saniya mai tsohon ciki, da karsana biyu. Inda aka nufa shi ne gasar dabbobi ta baje kolin noma da kiwo na SAHEL a Yamai, wanda aka saba yi wajen ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, in Allah ya sa suna cikin waɗanda za su wakilci jihar Tawa. Wata uku da ƴan kwanaki ke nan a hannu, kuma ba su yi yawa ba ga dabbar da tun haihuwarta ba ta san turke ba.

Baki aka fara buɗewa. Haƙoran gaba na shanu takwas ne, duk a ƙasa, kuma na nono suna faɗuwa biyu-biyu manya su maye gurbinsu. Bajimin ya yi huɗu, wato ya kai shekara uku ko ya ɗan haura. Saniyar ta cika baki amma haƙoran ba su fara cinyewa ba. Babbar karsana ta yi biyu, ƙaramar kuwa har yanzu na nono ne. An rubuta wannan tun yau domin da haƙori alƙalai ke tabbatar da rukunin dabba, ba da abin da mai ita ya faɗa ba.

Ba mu da sikelin shanu, don haka da tef ake awo: a zagaya ƙirji daidai bayan ƙafafun gaba da bayan tozo, da safe kafin a ba da ruwa. Awon a mita sai a ninka shi da kansa sau uku, a ninka da 80, abin da ya fito shi ne nauyin dabba a kilo. Bajimi santimita 162, kimanin kilo 340. Saniya 152, kimanin 280. Babbar karsana 141, kimanin 225. Ƙarama 128, kusan 170. Lissafin yakan ɗan ƙara wa shanunmu nauyi, amma tunda hannu ɗaya da tef ɗaya za su riƙa awon, ya isa nuna ci gaba ko koma baya.

Akwai wani bajimi a garken da ya fi wannan tsayi da cika ido, aka bar shi. Ƙahonsa dogo ne mai buɗewa sama, jansa ya yi duhu, ƙafafunsa sun yi tsawo: jinin Bororo ne a fili. A rukunin Azawak duk kyansa ba zai wuce zagayen farko ba. Wanda aka ɗauka yana da abin da ake nema tun da tashar kiwo ta Tukunus da ke kusa da Filinge ta daɗe tana tace irin: launi ja mai haske, baƙi-baƙi kewayen ido da baki da ƙarshen ƙafafu, gajeren ƙaho, tozo a tsaye bai kwanta gefe ba. Ita saniyar an zaɓe ta ne saboda lokacin haihuwarta. Makiyayin ya ƙiyasta ƙarshen Disamba, ke nan ranar gasa tana wata biyu da haihuwa, lokacin da nono ke kan ganiyarsa.

15 ga Nuwamba

Magani da abinci. An ba bajimi ƙwayar maganin tsutsar ciki, albendazol, mai miligiram 2500 ɗaya da rabi, saniya ɗaya, ƙaramar karsana kashi biyu cikin uku na ƙwaya. Babbar karsana ba a ba ta ba, domin ana zaton an hau ta kwanan nan, kuma wannan magani yana iya ɓata ciki a kwana 45 na farko. Allurar ibamektin aka yi mata ƙarƙashin fata, mililita ɗaya ga kowane kilo 50, wato huɗu da rabi. Na kaska kuwa amitraz ne, mililita biyu cikin litar ruwa, aka fesa har cikin kunne, ƙarƙashin bindi da tsakanin kofato. Jakin ɗaukar ruwa an ɗaure shi nesa, wannan magani guba ne ga jaki da doki.

An sayi harawar wake yanzu da take da araha, aka ɗora a rumfa ƙarƙashin inuwa. Wadda rana ta dafa har ta yi fari, ko ganyenta ya zube saura kara, ba a karɓa ba, ƙarfin harawa a ganyen yake. Ƙa'idar da ake bi ita ce busasshen abinci kilo biyu da rabi zuwa uku ga kowane kilo 100 na nauyin dabba. Bajimi zai kai kilo tara zuwa goma a rana: harawa uku, yankakken karan dawa uku da rabi, dusar alkama biyu, tunkuzar angurya ɗaya. Amma ba yau ba. An fara da rabin kilon dusa, za a riƙa ƙara giram 250 duk bayan kwana uku. Tunkuzar angurya ba za ta wuce kilo ɗaya ba ga bajimin da ake son ya yi barbara, yawanta na rage ƙarfin maniyyi. Gishiri da kanwa suna cikin komi dabam, ruwa sau biyu, kowace babba tana shan lita 25 zuwa 35 a wannan sanyi.

23 ga Nuwamba

Makon ragama. Nan ne rabin gasar yake, domin dabbar da ba ta tsayawa ba a ganin kyanta, kuma alƙali ba zai bi ta da gudu yana neman inda za a ba ta maki ba.

Igiyar auduga ake amfani da ita, kaurin milimita 12, tsawon mita huɗu. Ta leda tana ƙona fata kuma ba ta saki in dabba ta daina ja. Zaman ragama a fuska shi ne abin lura: ɗaurin hanci ya zauna tsakiya, tsakanin ido da ƙofar hanci. In ya sauka ƙasa yana danne guringuntsi, numfashi ya toshe, dabba ta firgita ta yi sama da ƙafafun gaba. In ya hau sama kuwa yana gugar ido. Bakin igiyar ya fito ta ƙarƙashin haɓa a gefen hagu, yadda in ta ja zai matse, in ta matso ya sassauta nan take. Wannan sassautawar ita ce duk karatun. Dabba ba ta koyon komai daga matsi sai daga lokacin da aka sake ta.

Kwana biyun farko an sa musu ragama aka bar su suna jan igiyar a ƙasa cikin shinge. Duk lokacin da ɗaya ta taka igiyarta kanta zai tsaya, ta koyi cewa ja da baya ne ke kawo sauƙi, kuma ba ta ɗora laifin a kan mutum ba. Daga rana ta uku aka fara ɗauri a turke mai ƙarfi da aka binne santimita 70 cikin ƙasa, tazarar igiya kamu biyu kacal, kai daidai da gadon baya. Minti 15 da farko, ana ƙarawa har awa ɗaya. Ƙullin zarge ake yi wanda fizga ɗaya ke kwance shi, kuma mutum ba ya barin wurin, ga wuƙa a kusa. Doguwar igiya a wannan mataki ita ke karya wuya: dabba ta samu filin zabura, igiya ta tsayar da ita da ƙarfi.

Suna ɗaure ake shafa su. A fara daga kafaɗa da buroshi mai dogon hannu, ana magana ƙasa-ƙasa, a bi wuya, baya, haƙarƙari, sai daga baya ciki da ƙafafu. Ba a zuwa ta baya kai tsaye, nan ne saniya ba ta gani, kuma shurinta gefe yake zuwa, ba baya kawai ba. Wanda ya manne da jikinta ya fi wanda ya tsaya taku ɗaya nesa tsira.

Saniya da babbar karsana sun karɓa cikin kwana huɗu. Ƙaramar tana kwanciya ta ƙi tashi in ta ji matsi. Ba a doke ta ba, ba a murɗe mata bindi ba: a sassauta igiya, a ja baya, ta miƙe da kanta, a ba ta ɗan gawo a hannu. Igiyar ta ɗan saɓule mata fata bayan kunne, an wanke, an shafa man kaɗe, an naɗe wurin da tsumma. Bajimi yana da hujin hanci tun bara, ya warke sarai. Mutum biyu ke riƙe shi, ɗaya da ragama, ɗaya da igiyar hanci, kuma da ragama ake jagora. Ta hancin ta ko-ta-kwana ce. Bajimin da aka saba fizga ta hanci yakan koyi sunkuyar da kai da kaɗa shi, a fili kuwa wannan na ɓata masa wuya da kafaɗa gaba ɗaya.

4 ga Disamba

Bajimi ya bar ci jiya da safe. Ba ya tuƙa, kashinsa ya yi ruwa, fari-fari, mai tsami da kumfa, yana ta sauya ƙafa. An danna dunƙulen hannu a kuiɓin hagu: a lafiyayyen sa tumbi na motsawa sau biyu zuwa uku cikin minti biyu, nan da ƙyar aka ji ɗaya. Zafin jiki 38.6, ba zazzaɓi. Tsamin tumbi ne. Da aka bi sawu, dusar da aka kawo wannan karon ta gida ce ta hatsi, mai gari da tsaki da yawa, kuma da tiya aka auna ta maimakon sikeli. Tiyar wannan dusa ta fi tiyar dusar alkama nauyi nesa, ga gari na narkewa da sauri, sai abin da ya shiga cikinsa ya kusa ninka na shekaranjiya.

An janye dusa da tunkuza gaba ɗaya, aka bar masa busasshen kara. Malamin dabbobi ya ɗura masa bikarbonat giram 150 cikin ruwa lita uku, a hankali ta gefen baki, kai bai ɗagu sama da kafaɗa ba, ba a kama harshe ba don kada ya shaƙe ruwan ya tafi huhu. Yau da yamma ya fara tuƙa. Za a koma rabin kilo, a sake hawa daga farko, kuma daga yanzu komai da ƙaramin sikeli, kara kafin dusa kullum. Abin da ake tsoro shi ne bayansa: tsamin tumbi kan sauka a kofato bayan ƴan makonni. Za a riƙa taɓa kofatonsa kowace safiya a ji ko ya yi zafi.

13 ga Disamba

An yi wa uku allurar ciwon huhu, saniya sai ta haihu. An nemi a yi da wuri ne da gangan, domin wannan allura takan bar kumburi a wurin da aka yi ta bayan mako biyu ko uku, kuma ba a son shiga fili da ƙulli a bayan kafaɗa. Takardar allura tana hannu.

21 ga Disamba

Awo: bajimi 165, kimanin kilo 360. Babbar karsana 144, ƙarama 132. Ciwon da ya yi ya ci masa mako guda, amma kofato lafiya.

An shiga koyon tafiya. An shata da'ira mai faɗin mita 20 a bayan shinge, aka kafa sanda a tsakiya matsayin alƙali. Mai ja yana gefen hagun dabba, daidai kai da wuya, hannun dama na riƙe da igiya kamu ɗaya daga haɓa, ragowar a naɗe a hannun hagu. A naɗe a tafi, ba a nannaɗe a yatsu ko wuyan hannu ba, sa mai kilo 360 in ya zabura da hannun zai tafi. Ana zagayawa ta dama, yadda mai ja zai kasance a waje, dabba tsakaninsa da alƙali. Duk wanda ya shiga tsakanin alƙali da dabbarsa ya rufe abin da ya zo nunawa.

In ta cije ba a ja gaba da ƙarfi, ƙarfin wuyanta ya fi na kowa. A karkatar da kanta gefe har ƙafa ɗaya ta motsa, a saki. Mai taimako yana baya, ya matso daga bayan kafaɗarta ta yi gaba, in ya wuce gaban kafaɗa sai ta tsaya ko ta ja baya. Yaran da suka taso cikin garke sun san wannan a jikinsu, abin da ke musu wuya shi ne saurin tafiya. Sun saba da kora, a fili kuwa tafiyar ƙasaita ake so, mai barin ƙafar baya ta sauka a sawun ta gaba. Kai ya ɗan ɗara gadon baya kaɗan. In an ɗaga shi da yawa baya na lotsawa, in ya sauka kafaɗa ta buɗe tozo ya yi kamar zai zube gaba.

A Amurka akwai rukuni na musamman da ake ba mai jan dabba maki shi kansa, yadda ya riƙe, yadda ya tsayar, yadda idonsa ke kan alƙali. A nan dabba ake dubawa, amma hannun mai ja yana cikin makinta ko ba a rubuta shi a takarda ba.

29 ga Disamba

Saniya ta haihu shekaranjiya da dare, mace. Mahaifa ta faɗi cikin awa biyar, maraƙar ta sha dakashi tun awa biyun farko, an tsoma cibiya a aidin. Za a kai dusar uwar kilo biyu da rabi cikin mako biyu, harawa huɗu. Ita ma maraƙar za ta shiga mota, saniyar Azawak ba ta sakin nono sai ɗanta ya fara tsotsa, kuma in akwai awon madara a gasar, rashinta zai mai da saniya mai lita shida ta koma mai lita biyu.

8 ga Janairu

Gyaran kofato da ƙaho. An yi yanzu ne domin a bar aƙalla mako shida, dabbar da aka yanke wa kofato takan yi ɗari-ɗarin taka ƙasa na ƴan kwanaki. Wata biyu a turke kan ƙasa mai laushi ya sa kofato ya yi tsawo, musamman na waje a ƙafafun baya.

An hana bajimi abinci tun daren jiya, aka kayar da shi da igiya mita 12: zarge a gindin wuya wanda ba ya shaƙewa, zagaye ɗaya bayan ƙafafun gaba, ɗaya gaban ƙugu, mutum biyu suka ja ta baya ya durƙusa da kansa. An lura igiyar ba ta danne kuben gabansa ba. Ya kwanta ta dama a kan yashi, tumbi a sama, buhun ƙaiƙayi ƙarƙashin kafaɗa don kada jijiyar ƙafa ta mutu. Ba a wuce minti 20 ba. Yanka kaɗan-kaɗan ne daga baki, a daidaita tafin ya kwanta sosai a ƙasa, da zarar farin ya fara nuna ja-ja a tsaya. Babbar karsana ba a kayar da ita ba saboda cikinta ya tabbata, a tsaye aka ɗaga ƙafa aka goge da magagari. Saniya ma haka.

Ƙaho an wanke, an bi shi da takardar yashi mai laushi sama-sama, aka shafa man gyaɗa. Ba a kankare shi da wuƙa, kuma zoben gindin ƙahon saniya an bar su yadda suke, masu ido suna karanta yawan haihuwarta a nan.

16 ga Janairu

Hunturu ya yi ƙarfi, ƙaramar karsana na tari da majina fara. Zafi 38.9, tana ci. An kafa zana ta gabas da arewa, ana yayyafa wa kara ruwa kaɗan don ƙura. Wanka ya koma sau ɗaya a mako, da hantsi, da sabulu na wanka, a ɗauraye sosai. Garin sabulun wanki yana busar da fata ya kawo amosani. Buroshi kuwa kullum, bin kwanciyar gashi, shi ke fito da sheƙi fiye da kowane mai.

25 ga Janairu

Gwajin alƙalanci. An gayyato wani dattijo da ya daɗe yana aikin kiwo, wanda dabbobin ba su taɓa gani ba, aka tara mutanen unguwa da yara, aka kunna rediyo da ƙarfi, wani ya zo da kalangu. Takardar makin tamu ce ta gida, ba ta masu gasa ba: kamannin iri 25, ƙira da ƙafafu 25, hantsa ko maraina 20, lafiya da tsabta 15, tafiya da tsayuwa 15.

Yadda ya bi su abin koyo ne. Ya tsaya nesa taku goma tukuna, ya kalli kowace daga gefe: tsawon jiki, miƙewar gadon baya daga tozo zuwa ƙugu, zurfin ƙirji, gangarar ɗuwawu. Ya koma baya ya duba faɗin ƙugu da yadda ƙafafu suka sauka, ya zo gaba ya duba faɗin ƙirji da fuska. Sai da ya gama da ido ya sa hannu, kuma kafin ya taɓa kowace sai ya yi gyaran murya ya fara daga kafaɗa.

A kan bajimi ya daɗe. Ya danna haƙarƙari, ya kama gindin bindi, ya juyo wajen mai riƙe da shi ya ce, “Ɗana, wannan na barbara ne ko na mahauta?” Yaron ya ce, “Na barbara ne, Baba.” Ya ce to a rage masa. Gaskiyarsa. A ma'aunin jiki na ɗaya zuwa biyar bajimin ya haura huɗu, kitse ya fara taruwa gefen bindi da gaban ƙirji, alhali uku da rabi ake so: a ji haƙarƙari in an danna, kada a gan shi da ido. Ƙibar rago ta layya dabam, ta dabbar iri dabam. Kitse na rufe aibi ga ido amma ba ya rufe shi ga hannu, kuma yana nauyaya tafiya. Maraina kuwa ya yaba: biyun daidai suke, suna motsi cikin fata, kewayensu santimita 32. Kuben gaba bai yi reto ba, abin da ke da muhimmanci a dajin ƙaya da ƙarangiya. Maki 81.

Saniya ta fi kowa, 86. Hantsa ta manne da jiki gaba da baya, ba ta sauko ƙasa da gwiwar baya ba, nonuwa huɗu tsawonsu ɗaya suna kallon ƙasa, jijiyar nono ta fito sosai a ciki. Ya tatsi kowane nono a bakin baƙin faranti, ba gudaji ba jini. Madararta a makon nan lita uku da rabi da safe, biyu da rabi da yamma, ban da abin da maraƙa ta sha. Ya rage mata a ɗuwawu, gangarar ta ɗan yi yawa.

Babbar karsana 78. Ƙirarta ba laifi, tsayuwa ce ta kayar da ita: kiɗa na tashi ta fara juya ƙugu tana neman ƴan uwanta. Ƙaramar 66, kuma nan ba abin da horo zai gyara. Daga baya gwiwoyinta na matsowa juna, kofato na kallon waje, in tana tafiya har suna kusan gogayya. A Nuwamba ana ganin alamar ana cewa rama ce, yanzu da ta murmure ya tabbata ƙashi ne. An cire ta daga jerin tafiya. Za ta ci gaba da zama a turke tare da su har ranar tashi, janye ta yanzu zai tada hankalin babbar.

Tsayarwa ita ce aikin makonni masu zuwa. Bajimi ana so ƙafafunsa huɗu su zauna kamar ƙafafun kujera, kowace a kusurwarta. Da siririyar sanda mita ɗaya da ƴan kai ake gyarawa: a danna tsakanin kofato ƙafa ta ja baya, a taɓa bayan dunduniya ta matso gaba, tare da ɗan tura ragama ko janta. Ƙafafun baya ake fara gyarawa. Ga saniya mai nono, ƙafar baya ta ɓangaren alƙali ta ɗan yi gaba don a ga hantsa gaba da baya a lokaci ɗaya. In an samu tsayuwa mai kyau a bar ta haka, ana sosa ciki da sandar a hankali. Yawan gyara shi ke sa dabba ta gaji ta watse daidai lokacin da alƙali ya juyo.

5 ga Fabrairu

Awo: bajimi 169, kimanin kilo 385. An rage masa dusa zuwa kilo ɗaya da rabi, tunkuza rabin kilo, aka ƙara tafiyar kilomita biyu kowace safiya. Gindin bindin ya fara sakin kitse. Babbar karsana tana tsayawa minti huɗu cikin kiɗa, ana neman goma. Ana fitar da ita ita kaɗai bayan gida inda ba ta ganin sauran, ana ƙara nisa kullum. An yi wa saniya allurar huhunta tun tsakiyar Janairu, wurin bai kumbura ba. Ukun sun karɓi rigakafin ciwon da gajiyar mota ke tayarwa a huhu, wanda ke bukatar mako biyu zuwa uku kafin ya kama jiki.

An fara zuba ƙasari kaɗan cikin ruwan shansu, a bokitan da za a tafi da su. Dabbar da ta saba da ruwan rijiya takan ƙi ruwan famfo saboda warin magani, kwana ɗaya ba ruwa kuwa kuiɓi ya faɗa, nono ya ragu. In sun saba da ɗanɗanon ƙasari, a can ma shi za su ji. Abinci ma namu za a ɗauka, na kwana goma, ba za a sauya musu zuwa ciyawar burgu ta bakin kogi a makon gasa ba.

Tawa zuwa Yamai kusan kilomita 550 ne ta Konni, Dogonduci da Doso, wuni guda ga babbar mota. An yi magana da direba a kan shimfiɗa yashi kaurin santimita 10 a ƙasan mota, da katako tsakanin bajimi da mata, da ɗan keɓe na maraƙa kusa da kan uwarta. Za a tashi bayan asuba, ba cikin dare ba, iskar hunturu a buɗaɗɗiyar mota ita ke kawo tari. Za a tsaya a Dogonduci a duba ɗauri a ba da ruwa. Dole a isa kwana biyu kafin shiga fili, dabba na zubar da nauyi a hanya kuma sai ta kwana biyu tana ci tana sha cikinta ke dawowa.

Saura gwajin hawa mota. An gina tudun ƙasa a bakin shinge, ranar 9 za a kawo motar ta tsaya ba tare da an tada inji ba, a sa harawa a ciki, saniya ta fara hawa tunda ita sauran ke bi. Takardar izinin tafiya da dabbobi daga ma'aikatar kiwo za a nema a makon tashi, awo na gaba kuma ranar 15.